Shawarwarin waɗanda suka je kabarin Newgrange

Abin da kowa ya fara jaddadawa shi ne kada mutum ya nufi kabarin kai tsaye. Ana shiga ne ta cibiyar baƙi ta Brú na Bóinne, kusa da garin Drogheda a ƙasar Ireland, daga nan bas ke kai mutane. A sayi tikiti ta intanet tun da wuri, musamman lokacin zafi, domin kujerun kan ƙare.

An daɗe ana magana a kan shiga ciki. Kabarin an gina shi wajen shekara ta 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, ya girmi dalar Giza ta ƙasar Masar. Hanyar ciki tsawonta mita 19 ce, matsattsiya, akwai inda sai ka duƙa ka karkata kafaɗa. Mai tsoron matsatsi ya yi tunani kafin ya shiga, babbar jaka kuma a bar ta. Ba a ɗaukar hoto a ciki. Ni abin da ya fi kama zuciyata shi ne rufin ɗakin da ke ƙarshen hanyar: duwatsu ne aka jera ɗaya bisa ɗaya, kuma sama da shekara 5,000 ruwa bai yi yoyo ba.

Hasken rana na shiga ɗakin da safe wajen 21 ga Disamba, na kimanin minti 17, amma masu gani da ido ta ƙuri'a ake zaɓo su. Sauran baƙi ana kashe fitila a nuna musu kwatankwacinsa.

A tafi da rigar ruwa da takalmi mai kama ƙasa. Mai lokaci ya haɗa da Knowth, wani tsohon kabarin da ke kusa, inda zanen duwatsu ya fi yawa.