Ƙaramin sansanin alfarma a Masai Mara: me mutum zai tarar, me ya kamata ya tambaya kafin ya biya?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Mu biyu ne, ni da maigida, muna son kwana huɗu a Masai Mara ta ƙasar Kenya cikin watan Agusta. Ejan ya turo mana wani sansani mai tanti takwas kacal, ba katanga, wutar sola ce, wanka kuma wai da bokiti, amma kuɗin dare ɗaya ya ninka na babban otal da ke cikin gandun dajin. Me ake saya da wannan kuɗin? Sannan yaya batun abincin halal, salla da ruwan tsarki? Masu sani a taimaka.

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya. Fara tambayar ejan ɗin inda sansanin yake, domin amsar kuɗin tana can. Akwai ainihin gandun gwamnati, wanda gwamnatin gundumar Narok ke riƙe da shi, akwai kuma filayen da ke kewaye da shi irin su Naboisho, Olare Motorogi da Mara North. Waɗannan gonakin kiwon 'yan ƙabilar Masai ne da masu sansanoni suka haɗu suka karɓa haya. Kowane mai fili ana biyansa duk wata, ko baƙi sun zo ko ba su zo ba, shi kuma ya yarda ba zai kafa shinge ko ya nome wurin ba, kiwo ma sai a inda aka tsara. An ƙayyade yawan gadajen da za a kafa a duk filin, don haka tanti takwas ɗin nan su ne ke ɗauke da hayar dubban eka da albashin masu gadin daji. Kuɗinku kenan.

Ribarsa a wajenku ita ce rashin cunkoso. A cikin gandun gwamnati, a Agusta, damisa ɗaya kan bishiya sai ki ga motoci sun yi mata zobe kamar tashar mota. A filayen haya motocin sansanonin wurin ne kawai ke shiga, kuma yawanci ba a barin fiye da biyar a kan dabba ɗaya. Ana fita da dare da fitila, ana yawon ƙafa tare da ɗan rakiya, direba na iya sauka daga hanya ya matso kusa. Duk wannan an hana shi a gandun gwamnati.

Ga inda mutane ke cizon yatsa. Wanda ya zaɓi Agusta, akasari tsallaken kogi yake son gani, wato garken nyumbu (wata dabbar daji mai ƙaho, kamar ɓauna amma ba ta kai ta girma ba) da jakunan dawa suna faɗawa kogin Mara kadoji na jiransu. Wannan a cikin gandun gwamnati yake faruwa. Sai kun ware yini guda, ku fita da asuba da abincin rana a mota, ku biya kuɗin shiga daban, wanda tun 2024 dala 200 ne kowane babba daga Yuli zuwa Disamba, dala 100 daga Janairu zuwa Yuni. Wasu sansanonin sun saka yini ɗaya cikin farashi, wasu ba su saka ba. A rubuta muku. Kuma ba wanda zai yi muku alƙawarin tsallaken: garke na iya taruwa a bakin ruwa awa uku sannan ya juya.

Kalmar kare muhalli kuwa kowa na manna ta a tallarsa. Ki tambaya ko ƙungiyar Ecotourism Kenya ta ba su shaida, kuma wane mataki: tagulla, azurfa ko zinariya.

Injiniya Mai Sola:
Hajiya, bari in yi miki bayanin wuta da ruwa, don nan ne aka fi samun ƙorafi.

Sansanin gaba ɗaya yana kan faifan sola da batura da inbata. Fitilun tanti da cajin waya da kyamara ba sa cin komai. Abin da ke kashe wutar shi ne duk na'urar da ke yin zafi: na'urar busar da gashi, dutsen guga, butar lantarki. Kowacce tana jan wat 1,500 zuwa 2,000, kina jonawa inbata ta yanke, wani lokaci har da tantunan maƙwabta. Shi ya sa ake hana su. Wasu wuraren ma babu soket a tanti, sai a babban tantin cin abinci. Soket ɗin mai baki uku ne irin namu, ba kya buƙatar adafta. Wanda ke kwana da na'urar taimakon numfashi ya faɗa tun kafin ya biya, domin akwai masu rage wuta da tsakar dare. AC babu, ba a kuma bukatarta. Wurin yana sama da mita 1,500 daga teku, sanyin asubar Agusta kan sauko kusan digiri 12, a buɗaɗɗiyar mota kuwa iska ta ƙara masa. Ku tafi da rigar sanyi mai kauri da hula. Idan kin ji wani abu mai ɗumi a ƙarƙashin bargo da dare, kada ki yi ihu, robar ruwan zafi ce aka saka miki.

Wankan bokitin ba irin na gida ba ne. Jaka ce ko bokiti mai cin kamar lita 20, da kan shawa a gindinsa. Kin faɗi lokacin da kike so, ma'aikaci ya sirka ruwan, ya cika daga bayan tanti, ya ja igiya ya ɗaga shi sama, ke kina ciki ba ya ganinki. Idan kika bar shi a buɗe, minti uku zuwa huɗu ya ƙare. Ki buɗe ki jiƙa jiki, ki rufe, ki saɓa sabulu, ki sake buɗewa. Ranar wanke kai ki nemi biyu tun farko. Kada ki bar ruwan ya jira, rabin awa ya huce. Wankan asuba kuma a faɗa tun da dare. Sabulun da suka ajiye shi za ki yi amfani da shi, don ruwan wankan cikin ƙasa yake komawa. Bayan gida na zama ne mai ruwa, a cikin tantin, amma kada a jefa komai ciki ban da takardar da suka tanada, ramin nasu ƙarami ne, saurin toshewa yake.

Hajiya Mai Biza:
Maman Ilham, ni ɓangaren addini da kaya zan taɓa. Buta ba za ki samu ba, ki saka ƙarama ta roba a jaka. Da isarku ki ce a riƙa ajiye muku jarkar ruwa a banɗaki da flas ɗin ruwan zafi kowane dare, saboda alwalar asuba da ruwan da ya kwana a wannan sanyin sai mai ƙarfin hali. Rana na fitowa wajen 6:30 kusan duk shekara, motar safe na tashi 6:00 zuwa 6:30, don haka ki ce a tashe ku ƙarfe biyar. Alƙibla arewa ce, a ɗan karkata gabas kaɗan, ba gabas ba kamar yadda muka saba. A yi sallar a cikin tanti. Doka ce: daga faɗuwar rana zuwa fitowarta ba a fita sai da mai gadi, ana kiransa da rediyo ko a haska masa tocila. Dorina da ɓauna na kiwo tsakanin tantuna.

Abinci daga Nairobi ko Narok ake kawo shi a mota, sau ɗaya ko biyu a mako. Naman halal ba ya wuya a Kenya, amma idan sai kin sauka za ki faɗa, kifi da ganye za ki ci har ki tafi. Ki rubuta musu mako biyu kafin tafiya: nama halal, ba naman alade, ba giya a miya ko kayan zaƙi, a raba kaskon suya. Farashin ya haɗa da barasa, kuma ba kasafai suke rage komai don ba ku sha ba. Ki dai ce kada a saka ta a motarku.

Ƙaramin jirgin da zai kai ku Mara daga filin Wilson na Nairobi yake tashi, ba babban filin Jomo Kenyatta ba, ku bar tazarar awa uku aƙalla tsakanin biyun. Kaya kilo 15 ne kowane mutum, har da jakar hannu, kuma a jaka mai laushi, akwati mai tauri ba ya shiga ramin kayan. Ana wanki kullum, kala uku ya isa, sai dai kayan ciki ke za ki wanke da kanki, suna ajiye garin sabulu. Doka ta hana leda a Kenya tun 2017, robar ruwa ta sha-ka-yar ma an hana ta a gandun daji tun 2020. Katin rigakafin cutar shawara ya kasance a hannu.

Baban Sadiq:
Hajiya ta gama magana, sai dai kilo 15 ɗin har da kyamara da madubin hangen nesa, a auna a gida. Ƙari biyu: takalmi ba ya kwana a waje, kura na ɗauka. Zif ɗin tanti kuma a ja shi har ƙasa, birai sun iya buɗewa, kuma dabino ko kilishin da aka ɓoye a jaka shi ke kiransu. A ba ma'aikata su ajiye a kicin.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri. Na duba, a Naboisho yake. Kuɗin goro fa, nawa ake bayarwa?

Hajiya Mai Biza:
Direban da ke zagayawa da ku, dala 10 zuwa 20 kowane baƙo a yini, a ba shi hannu da hannu ranar tafiya. Sauran ma'aikata akwai akwati a babban tanti, kwatankwacin haka. Ku riƙe shilin Kenya ko sababbin takardun dala, tsofaffi da masu yagewa ba sa karɓuwa, kuma babu inda za ku ciri kuɗi a dajin.