LUT ya ƙona min hoton S-Log3, ina matsalar take?

Tambaya: Jama'a, na ɗauki bidiyo da S-Log3 (saitin kyamarar Sony mai fitar da hoto a dusashe, don a gyara launinsa daga baya), na ɗora LUT (fayil mai juya launi da hasken hoto) na Rec.709 (ma'aunin launin talabijin na HD) a manhajar gyaran bidiyo ta DaVinci Resolve, sai sararin sama ya koma fari fat, fuska kuma ta yi ja. A ina na kuskure?

Amsa: Malam, fara gyara haske a nod ɗin da ya zo kafin na LUT (nod shi ne kowane matakin gyaran launi a Resolve). Abin da LUT ya yanke ba ya dawowa. Rage hasken har katin toka (kati mai launin toka da ake auna haske da shi) ya sauka 41 IRE (ma'aunin hasken bidiyo), sannan LUT ya biyo baya.

Amsa: Jan fuskar kuwa, saitin launi na S-Gamut3 daban, na S-Gamut3.Cine daban. Zaɓi LUT ɗin da ya dace da saitin kyamararka.

Amsa: In Resolve ya riga ya juya launin da kansa, cire LUT ɗin, in ka bar shi juyi biyu ke nan.