Shawarwari Kan Gudun Dogon Zango a Lokacin Hunturu

A zaman da masu motsa jiki suka yi a gindin Goron Dutse da ke Kano, an yi ittifaƙi cewa mai burin tseren da ya zarce kilomita 42, kamar Comrades na Afirka ta Kudu mai kusan kilomita 90, ya riƙa ƙara nisa sannu a hankali, yana hawa da sauka a tudu don ƙarfafa ƙafa. An daɗe kan ƙura: a shafa man kaɗanya a leɓe da dunduniya, mai asma kuma ya haƙura idan hazo ya yi kauri. Ni dai batun ruwa ya fi kama ni, domin sanyi yana ɓoye ƙishirwa alhali busasshiyar iska tana zuƙe jiki, saboda haka a fita da gorar ruwa da dabino.