Wane takalmin birki ya dace da motar da za a shiga filin tsere da ita?

Ɗan Wunti, Bauchi:

Assalamu alaikum. Ina da BMW 330i ƙirar E46 ta 2003, da ita nake zuwa aiki kullum, kuma a watan jiya na kai ta wani filin tsere a kudu domin in gwada hannuna. Zagaye uku na farko sun tafi lafiya, amma a na huɗu, da na doshi kwanar da ke ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya, na taka birki da ƙarfina, motar ta ƙi rage gudu har sai da na sauka cikin ciyawa. Da na fito, sai ga siririn hayaƙi da ƙauri suna tashi daga ƙafafun gaba. Takalmin da ke ciki na siramik ne, sabo. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar: wanne zan saya kafin in koma?

Baban Kalifa, Tumfure, Gombe:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, mun gode wa Allah da abin ya tsaya a ciyawa. Kafin a yi maganar saye, ka tuna yadda ƙafarka ta ji birkin a wannan lokacin, domin matsala biyu ce mutane suke haɗawa su kira ta da suna ɗaya. Idan fedar ta tsaya da taurinta amma motar ba ta tsaya ba, takalmin ne ya yi zafin da ya wuce iyakarsa, ƙaron da ya haɗa sinadaransa ya fara ƙonewa, kamunsa ya ragu. Idan kuwa fedar ta yi laushi ta nutse har ƙasa, man birki ne ya tafasa, kuma a wannan hali ko takalmin da ya fi kowanne tsada ka ɗaura ba zai cece ka ba. Ƙaurin da ka ambata ya fi kama da na farko.

Siramik an yi shi ne domin shiru da ƙarancin ƙura a cikin gari, ba domin a riƙa taka shi daga gudu mai yawa sau goma cikin minti biyar ba. Tunda motar aiki ce, ni zan ce ka tsaya a tsakiya, ka nemi irin Ferodo DS2500, ko EBC Yellowstuff, ko Hawk HP Plus, waɗanda suke kamawa tun da sanyin safiya kuma suna jure zafi fiye da na kamfani. Na tsere zalla, kamar Hawk DTC-60 ko Pagid RSL29, sai sun yi zafi suke nuna aikinsu. A cikin gari za su yi ta ƙara, su baƙanta maka rim, wasunsu kuma su cinye faifan birki da wuri. Ban ga hikimar ɗaura su a motar da za ta bi cunkoson kasuwar Muda Lawal da safe ba.

Injiniya Mai Golf, Yelwa:

Na yarda da Yaya Baban Kalifa a kan gano matsalar, amma a kan zaɓi ina da ɗan bambanci. BMW ɗin nan ba ta da sauƙin nauyi, kuma duk wanda hannunsa ya fara faɗawa zai riƙa jinkirta taka birki, zafin ya ƙaru. Takalmin tsaka-tsaki zai ishe ka a fita biyu ko uku na farko, daga nan za ka wuce shi. Ni saiti biyu nake ajiyewa, ina ɗaura na tsere a jajibirin fita, in cire idan na dawo, aikin da ba ya wuce awa ɗaya. Sai dai ka dubi tayarka tukuna, domin taya ce take riƙe kwalta. Idan tayar gari ce ta yau da kullum, takalmi mai kamu sosai ba zai rage maka tazarar tsayawa ba, ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, kawai zai riƙa tayarwa.

Ko wanne ka zaɓa, ka zubar da tsohon man birki. Mafi ƙarancin ma'aunin tafasar sabon man birki ajin DOT 4 digiri 230 ne na Celsius, amma idan ya tsotsi danshi yana iya saukowa zuwa wajen 155. Man birki na Motul RBF 600 kuwa yana haura digiri 300. Kada a ruɗe ka da DOT 5, na silikon ne, ba a gauraya shi da sauran.

Baban Kalifa:

Maganar taya gaskiya ce, Injiniya. Abin da zan ƙara shi ne, sabon takalmi ba a shiga fili da shi kai tsaye. Ka sami hanya marar jama'a, ka riƙa rage gudu da ƙarfi daga wajen kilomita 100 a awa zuwa 20 kamar sau takwas ko goma ba tare da ka tsaya cik ba, sannan ka yi tafiya a hankali har ya huce, domin ya shimfiɗa kansa daidai a jikin faifan. Haka kuma idan ka fito daga fili birki yana da zafi, kada ka ja birkin hannu, kada kuma ka tsaya ƙafarka na kan feda. Na taɓa ganin faifan da aka yi wa haka, shatar takalmin ta fito a jikinsa ɓaro-ɓaro, sitiyari kuma yana rawa duk lokacin da aka taka. Sannan ka kiyayi jabu, domin kwali mai sheƙi ba shaida ba ne.

Ɗan Wunti:

Allah ya saka muku da alheri. Fedar da taurinta take, ba ta nutse ba, kuma tayoyina na gari ne. Saboda haka zan fara da DS2500 gaba da baya, in canja man birki, in bar maganar saiti biyu sai na sauya taya. Yaya, faifan da ya sha wancan zafin ya ɗan yi shuɗi a gefe. Zan iya ci gaba da shi, ko sai na kai an auna kaurinsa tukuna?