Neman shawara: juyen baƙin mai da canjin filta a Hilux mai gas

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Hilux 'yar 2012, mai shan gas, injin 2KD, da ita nake kai buhunan albasa da kwandunan tumatir daga kasuwar Mile 12 zuwa gidajen abinci na Lekki da Ajah a nan Legas. An yi mini juye makon jiya, washegari da na zaro sandar awo sai na ga man ya yi baƙi ƙirin. Raina ya ɓaci, don kuɗi na biya ba kaɗan ba. Shin cutata aka yi, tsohon mai aka mayar mini? Ina so daga yanzu in riƙa yi da hannuna a gida. Wane mai zan saya, kuma bayan kilomita nawa? Masana a taimaka don Allah.

Malam Ɗanjuma, makaniki a Agege: Wa alaikumus salam Alhaji. Kwantar da hankalinka, baƙin nan shi kaɗai ba shaidar cuta ba ne. Injin gas yana haifar da kunkunniya, aikin man kuwa shi ne ya kwashe ta ya riƙe a jikinsa, kada ta daskare a cikin inji. Ga kuma ɗan tsohon man da ke saura a lungu-lungu komai daɗewar tsiyaya, shi kaɗai ya isa ya rina sabon. Man da zai ba ni tsoro shi ne wanda ya koma launin shayi da madara, wannan ruwa ne ya shiga, ko wanda ya tsinke yana warin gas.

In za ka yi da kanka, ka tada motar ta ɗan yi ɗumi, ka kashe, ka tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen siminti, ba a wuri mai laushin ƙasa ba, ka ja birkin hannu. Hilux na da tsayi, ba sai ka sa jak ba, kuma kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe. Tanadi roba mai faɗi, don kusan lita bakwai ne zai fito. Kwance notin ƙasa da sifana mai lamba 14, ka bar shi ya tsiyaye har ya koma ɗigo. Akwai 'yar wosha a jikin notin, ka sa sabuwa, ita ce ke hana yoyo.

Wajen filta ne mutane ke jawo wa kansu asara. In ka kwance tsohuwar, juya ta ka duba ko zoben robarta ya fito tare da ita. Wani lokaci yakan manne a jikin inji, mutum ya ɗora sabuwa a kai, roba biyu su haɗu, yana hawa titi man ya fashe ya tsiyaye. Sa yatsa ka lakaci sabon mai ka shafa wa zoben sabuwar, ka murɗa da hannu har ya taɓa mazauninsa, sannan ka ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye. Ba a danne ta da ƙarfin ƙarfe. Zuba mai, tada inji, fitilar mai ta ɗauke cikin 'yan daƙiƙu, ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigo, ka kashe, ka jira minti biyar ka sake aunawa. Ya tsaya tsakanin alamomin biyu, kada ya haura ta sama.

Abu Sadik: Oga Ɗanjuma ya gama magana. Ni dai ƙarin da zan yi, ka cika sabuwar filtar da mai kafin ka ɗaura.

Malam Ɗanjuma: Ƙanena, wannan ya danganta da zaman filtar. In bakinta ƙasa yake kallo, duk abin da ka zuba a kan inji zai ƙare. Shafa wa zoben ya wadatar.

Alhaji Na-Idi-Araba: Batun irin mai, Baban Amira, 15W-40 ne ya dace da injinka a zafin garin nan, amma ka juya galan ɗin ka karanta. Ka nemi API CH-4 ko CI-4. Harafin C na gas ne, S na fetur. In S kaɗai ka gani, ajiye musu kayansu. Sababbin motocin da ke da matatar hayaƙi ta DPF su kam mai na daban suke so, mai ƙarancin toka, sai ka tabbatar taka ba ta ciki.

Kilomita kuwa, kada ka wuce 5,000, ko wata shida, duk wanda ya riga. Ni har ƙasa da haka nake yi, kuma ina da dalili. Mutumin da ya shafe awa biyu a gosulo daga Ketu zuwa gadar Third Mainland, injinsa na ta aiki amma mita ba ta ƙirga abin kirki ba. Man ya tsufa, lambar da ke gabanka tana cewa da sauransa. Ga lodi, ga kwana da tashi a tsaye da inji kunne. Lissafin mai bin hanyar Kano zuwa Kaduna daban yake da namu.

Maman Yusra: Sallama gare ku. Motar maigidana irin wannan ce. Tunda Lekki kake shiga, in damina ta zo ka ratsa ruwa mai zurfi, ka sa a duba man giya da na aksil gaba da baya, ruwa na shiga ta nan. Sannan don girman Allah kada a zubar da tsohon mai a kwata. Kwatocinmu a lagun suke ƙarewa, mutanen Makoko kifin ruwan nan suke kamawa su sayar mana. A ɗura a jarka a kai gareji, suna karɓa.

Baban Amira: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Filtar fa, ina zan samu ta kirki? Na ga wata mai araha sosai.

Malam Ɗanjuma: Alhaji, bar mai arahar nan. Jabu takardar cikinta ba ta da yawa, wata ma ba ta da bawul ɗin da ke hana mai komawa, sai inji ya tashi da safe a bushe, tobo, wato na'urar da ke ƙara tura wa inji iska, ita ce ke fara shan wahala. Ka saya wurin dila amintacce, ko in kasuwar kayan mota ta Ladipo za ka, ka tafi da wanda ya san kaya, da lambar filtar a hannunka. Kuma ranar juyen, kafin ka mayar da noti, haska tocila ta ramin. Injinan KD in woshar injekta, wato abin da ke fesa gas cikin inji, ta fara yoyo, baƙin dasƙare yakan toshe ragar da ke zuƙo mai. In ka hango ragar ta cushe, kada ka tada motar, kira ni in zo da yarana mu sauke kaskon.