Burodin ayaba: in kwaɓa da hannuna ko in haƙura da garin kwali?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu harkar gashi ku ba ni shawara. Ina nan Makka, wajen Misfala. Uwar mijina za ta zo Umra daga Kano Juma'a mai zuwa, kuma tun zuwanta na bara take zancen wani burodin ayaba da ta ci a gidan maƙwabciyarmu. Na ce bana ni zan yi mata.

Sau biyu ke nan ina gwadawa. Na farko ya fito cunkus, ƙasan ya ƙone, tsakiya kuwa tana manne wa wuƙa kamar tuwon da bai nuna ba. Na biyu ya tashi har na fara murna, ina fito da shi ya lotsa. Maigida ya ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya shigo da garin kwali, wanda ƙwai da mai da ruwa kawai ake zubawa. Gaskiya ya yi laushi, amma ƙamshinsa na alawar yara ne, ga zaƙi har maƙogwaro, Hajiya kuma ba ta son zaƙi. In ci gaba da ɓarnar fulawa ne, ko in rufa wa kaina asiri da kwalin?

Mai sayar da kek, Jidda:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin in ce komai, wace irin ayaba kika sa? Da me kika kwaɓa? Soda kika sa ko bekin fauda?

Mai tambaya:
Anti, ayaba ce mai kyau, rawaya, sai na sa ta firij kwana biyu ɓawon ya yi baƙi. Komai na zuba a bilenda. Bekin fauda na sa, a na biyun na ninka shi don ya tashi.

Mai sayar da kek, Jidda:
To ai ga ɓarayinki nan har uku. Baƙin firij ba nuna ba ne, sanyi ne ya bugi ɓawon, cikin yana nan yadda yake. Ayabar da ake shigo mana da ita daga Filifin da Ikwado tun tana kore ake cire ta, sai an ba ta lokaci sitacin cikinta ya koma suga. Ki ajiye ta a kicin nesa da AC, da zafin Makka kwana biyu ko uku za ki ga ta yi ɗigo-ɗigo, ta yi taushi, ƙamshi ya cika wurin. In kina sauri ki ƙulle ta a jakar takarda tare da tuffa ɗaya. Ko ki tambayi mai baƙala, wato mai kantin unguwa, wadda ta kwana masa, wadda kowa ke tsallakewa, ita muke nema.

Bilenda kuma ki raba ta da fulawa. Fulawa in ta sha ruwa aka yi ta bugunta, danƙo take yi. A burodin yis ana son wannan danƙon, a nan shi ne cunkus ɗin da kika gani. Lotsawar kuma ninka hodar ce: ya kumbura fiye da ƙarfinsa, ya faɗi.

Ga yadda nake yi. Ayaba manya 3, ki dame da cokali mai yatsu. Ki sa ƙwai 2, mai rabin kofi, suga rabin kofi tunda Hajiya ba ta son zaƙi, da laban, wato nono mai tsami, babban cokali 3. A wani kwano ki haɗa fulawa kofi 2, wato kamar giram 250, soda ƙaramin cokali 1, gishiri kaɗan. Soda sai da tsami take aiki, amfanin laban ɗin ke nan. Ki juye garin a kan ruwan, ki juya da muciya a hankali, da zarar farin gari ya ɓace ki tsaya, ko da akwai 'yan gudaji. Wuta digiri 175 na Salsiyas, minti 50 zuwa 60. In obin ɗinki na gas ne, daga ƙasa yake duka, ki ɗora a layin tsakiya ki sa tire wanda ba komai a ƙarƙashi. Kada ki buɗe ƙofa kafin minti 40. Ki soka tsinke a tsakiya, in ya fito a bushe ya yi.

Kofi kuma na awo nake nufi, ba finjalin shayi ba. Na ga wadda ta auna fulawa da mug ta auna mai da finjali, ta zo tana cewa girkina ƙarya ne.

Ma'aikaciya, Riyad:
Ni dai ban ga laifin kwali ba. Ina dawowa aiki bayan la'asar, ina zan tsaya jiran ayaba ta yi ɗigo? Garin kwali an riga an auna hodarsa daidai, an kuma sa masa abin da ke riƙe laushi, ko kin wuce gona da iri wajen juyawa yana yafe miki. Dabarata ita ce in sayi na banila, ba mai ƙamshin ayaba ba, in dama ayaba 2 in zuba, in rage ruwan da aka rubuta a bayan kwalin da rabi. Baƙi suna ci suna santi. Sai dai maganar gaskiya, sugan yana cikin garin, ba yadda za ki cire shi.

Mai sayar da kek, Jidda:
Ai kin gama maganar da bakinki, 'yar uwa. Don Hajiya ake yi.

'Yar Kassala mazauniyar Madina:
Kun tuna min gida. Mu da muka tashi kusa da lambunan sawagi, can Kassala ta Sudan, ba mu san ana jiran ayaba ba, sai dai a rasa yadda za a yi da ita. Ki gwada rage sugan zuwa kwata, ki yayyanka dabino mai taushi guda 6 ki zuba, da ɗan garin kirfa. Ki fara turmusa dabinon a fulawa don kada ya nutse ƙasa. Da shayin madara bayan asuba, wallahi ba a magana.

Wata baiwar Allah:
Don Allah in babu soda za a iya sa kanwa?

Mai sayar da kek, Jidda:
A'a. Ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne, ba ta aunuwa, za ta ɗaure miki baki ta kuma canza launin. Ki ce wa mai baƙala bikarbonat, zai gane.

Hajiya babba, Shari' Mansur:
Ke 'yar nan, Allah ya yi miki albarka da kika damu da surukarki. Amma kada ki bari sai ranar da ta sauka ki fara gwaji, gida cike da masu zuwa sannu da zuwa. Ki yi tun Laraba. Ki kuma tanadi kunun gyaɗa, wanda ya gama ɗawafi da sa'ayi abu mai ɗumi cikinsa ke nema.

Mai tambaya:
Na dawo da labari. Daren jiya na yi na Anti, da dabinon 'yar Kassala. Alhamdulillah tsakiya ta nuna, ƙasa bai ƙone ba, maigida har ya tambaya ko wani sabon kwali ne. Amma saman ya tsage tun daga wannan kai har wancan. Na sake yin kuskure ne?

Mai sayar da kek, Jidda:
Ba kuskure, haka yake yi, ɓawon ne ya riga cikin ƙamewa sai cikin ya turo. Na Hajiya ki gasa ranar Alhamis, ki bari ya huce sarai, ki naɗe shi a leda ya kwana, washegari ya fi daɗi da sauƙin yanka. Ki ɗora shi saman kabad inda hannun yara ba ya kai.