Bin sawun tsofaffin wasannin barkwanci na rediyo a Sakkwato

Ɗalibi: Assalamu alaikum iyayena. Wasannin barkwancin nan na maigida da uwargida da amarya da aka daɗe ana saurare, ta ina za a gano shekarar da aka fara sa su da sadda suka tsaya?

Tsohon mai shirya wasa: Wa alaikumus salam ɗana. Fara da littafin da mai gabatarwa ke cikewa a situdiyo, can ake rubuta rana da ƙarfe nawa shiri ya fita. Kada ka dogara da faifai kaɗai. Zaren ɗaukar murya tsada gare shi a da, sai a goge na makon jiya a ɗauki na wanga mako bisa, kashin farko-farko kuwa su suka fi salwanta. Abin yana da ciwo.

Injiniyan sauti: Gaskiya ne Malam. In an dace da faifan, wanda ke da zare ƙafa 1,200 minti 32 yake ci a gudun inci 7½ cikin daƙiƙa, daidai shirin rabin awa. Aka sa shi a 3¾, muryar amarya sai ta koma ta ƙato. Zafin bazararmu yana lalata zare, ƙurar hunturu tana cin kan na'ura, wato wurin da zare ke gogawa a ji sauti. A goge kan da auduga da sifirit tukuna. Zaren da ke manne wa juna ko yake warin tsami, a bar wa gwani, kunnawa ɗaya na iya kankare muryar. Wanda ya tashi lafiya a juye shi a kwamfuta nan take, a tsarin WAV mai riƙe cikakken sauti, ba MP3 ba, a aje wuri biyu.

Marubuciyar wasa: Ɗana, saurari rigimar kuɗin cefane. An shigo da naira a Janairun 1973, to wasan da uwargida ke neman naira a ciki, bayan wannan lokaci aka yi shi. Fam da sule kam ba hujja ba ne, bakin mutane bai sake su da wuri ba. Ka kasa kunne ga sanarwar gaba da bayan shiri, sunan jihar da aka ambata kan nuna zamani: Jihar Arewa maso Yamma daga 1967 zuwa 1976 ce, Birnin Kebbi ya fita daga Jihar Sakkwato a 1991, Gusau a 1996.

Tsohon mai shirya wasa: Hajiya ta faɗi magana. Ka kuma bambanta sabon kashi da maimaici, don wasa kan tsaya a ci gaba da maimaita shi shekaru. 'Yan wasan da ke raye a tambaye su ɗaya-ɗaya, sannan a gwama da littafin.